Baba na cewa, "In ba likita ba, me za ki zama?"

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ina aji biyu a Jami'ar Legas da ke Akoka, ina karanta ilimin ƙwayoyin halitta da gado. Sankarar mama ce ta yi ajalin mahaifiyata da yayarta, shi ya sa nake son binciken cutar daji. Amma duk ranar da na koma gida sai Baba ya ce, "To in ba likita ba, me za ki zama?" Me zan ce masa?
Ɗalibarki daga Agege

AMSA: Allah ya jiƙan su, 'yata. Ki ce wa Baba likita na duba mara lafiya ne, ke kuma za ki binciko abin da ya lalace tun farko. Jikin mutum na ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000. Wasu cikinsu birki ne, kamar p53, mai hana ƙwayar da ta samu matsala ci gaba da hayayyafa. In birki ya tsinke, daji ya samu hanya.

Sai dai aikin na cin rai. Wata masaniyar ilimin gado, Mary-Claire King, ta soma neman gadon sankarar mama a 1974, sai 1990 ta nuna inda BRCA1, ƙwayar gadon da ke da hannu a cutar, take. Bayan digirin farko akwai na biyu da na digirgir. Ni kaina na taɓa asarar samfuran wata takwas a dare ɗaya, wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi. Har kuka na yi.

Kada ki ɗauka sai an je Turai ake samun abin bincike. Gubar aflatoksin da ke cikin gyaɗa da masara masu funfuna, p53 ɗin nan take lalatawa a hanta, kuma haɗarin na ƙaruwa ga mai ciwon hanta nau'in B. Buhunan nan suna kasuwanninmu. Farfesa Olufunmilayo Olopade, mai binciken sankarar mama, ita ma a Ibadan ta yi karatu, kuma ko da take Amurka, matan Afirka take nazari a kansu.

In lokacin koyon aiki ya zo, ki nemi gurbi a cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba. Sannan, tunda 'yan'uwa biyu ne abin ya kama, ki tambayi dangi shekarun kowacce lokacin da aka gano cutar, ki rubuta, ki kai wa likita a asibitin koyarwa na Idi-Araba. Ki tafi da Baba in zai yarda.