Me ya sa masara ta yi ja-ja bayan an zuba mata fosfaras?

Malam, ka ce ka watsa takin fosfaras a saman ƙasa, amma ganyen masararka na ƙasa ya koma ja-ja mai shuɗi-shuɗi, kana tambayar ko takin ne bai da kyau. Ni dai ban zargi takin ba. Inda ka zuba shi nake zargi. Wannan launin alama ce ta cewa fosfaras ɗin bai kai ga saiwar masarar ba.

Fosfaras ba kamar naitirojin ba ne, wanda ruwa ke ɗauka ya kai wa saiwa. Shi malalaci ne: da ya narke sai ƙasa ta riƙe shi, da ƙyar yake motsa 'yan milimitoci. Saiwa tana shan wanda ya narke a ruwan da ke manne da ita kawai, kuma nan da nan take tsotse na kusa. Daga nan dole ta miƙe zuwa sabon wuri. Shi ya sa siraran gashin saiwa ke da muhimmanci, haka ma wata irin funfunar ƙasa da ke zama a jikin saiwa, tana miƙa zarenta nesa ta kawo fosfaras, shuka ta biya ta da sukari.

Ƙasa ma na da hannu. In ta cika tsami, ƙarfe da alminiyam da ke cikinta ke ɗaure fosfaras. In farar ƙasa ta yi yawa, kalsiyam ke ɗaure shi. Ya fi samuwa idan awon pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya kama tsakanin 6 da 7.

A shuka ta gaba, binne takin tun ranar shuka, kamar santimita 5 a gefen iri kuma ƙasa da shi kaɗan. Kada ya taɓa irin, musamman in takin haɗi ne, don yana iya ƙona tsiro.