Allurar wata-wata ga mai ciwon ƙwaƙwalwa: wa ya kamata ya yi ta?

Tambaya: Ɗana yana da ciwon da likita ya kira sikizofireniya. Sau uku ana kwantar da shi, don da ya ji sauƙi sai ya bar shan ƙwayoyinsa. Yanzu an ce a maida shi kan allura. In saya? Akwai kuma maƙwabcinmu mai yin allura a gida, ya ce zai riƙa yi mana da rahusa. Daga wata uwa, Bagalam, Maradi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da wannan ɗawainiya. Ki saya. Barin magani shi ne abin da ya fi maida masu wannan ciwo gadon asibiti, allurar kuwa don haka aka yi ta. Irin su Haldol Decanoas cikin mai suke, ana yin su can cikin tsokar ɗuwawu, maganin ya riƙa tsattsafowa cikin jini har mako 4. Kin huta da tsayuwa kansa kullum da kofin ruwa, kina leƙen ko ya ɓoye ƙwaya ƙarƙashin harshe.

Zancen maƙwabci dai ki bar shi, ko kyauta zai yi. Ma'aikacin jinya da ya san ciwon, kafin ya buɗe kwalbar yana kallon tafiyar ɗanki: hannu na rawa? Jiki ya sandare? Yawu na dalala? Ya kasa zama wuri ɗaya? Zai tambayi barcinsa da muryoyin da yake ji, ya kai wa likita labari a rage maganin ko a haɗa masa da Artane, ƙwayar da ke rage sandarewa da rawar jiki. Wannan sandarewar, da allurar kanta ke iya kawowa, ita ce ke sa samari da yawa su ƙi komawa, alhali gyaranta ba wuya. Maƙwabci soka allura kawai zai yi ya tafi.

Ki saya a farmasi da takardar likita, ki duba ranar lalacewa. Na masu tebur a kasuwa, da ranar Maradi ta gasa, kada ki kusance su. Ranar komawa a rubuta ta cikin karne, wato littafinsa na asibiti, ki bar wa ma'aikatan lambarki da ta wani yayansa, ki roƙe su su kira in bai zo ba. In ranar ta kuɓuce, ku je washegari, kada ku jira wata ya zagayo.

In kuwa zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sandarewa da ruɗewa, a kai shi asibiti nan take, ko tsakar dare ne.