Tambaya da Amsa: Baƙin danƙon da ke fitowa a bakin siga, jabu aka sayar mun?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ni ɗan kasuwa ne ina zaune a Legas. Wani abokin harka na ne ya koya mun shan siga, irin manyan nan da ake naɗewa da hannu ganye zalla, ba sigari na kwali ba. Kwanaki da zan dawo daga tafiya na sayo akwati guda ƴan ƙasar Nikaraguwa a wani shago a filin jirgi, kuɗi ba kaɗan ba wallahi. Toh matsalar itace duk sanda na kai kamar rabi sai wani baƙin abu mai danƙo ya fara tsattsafowa ta inda nake sa baki, in ya taɓa mun leɓe ko harshe ɗaci kamar maɗaci, ko na kuskure baki baya tafiya da wuri. A cikin guda biyar da na sha uku sun mun haka. Ina huda ta ne da ɗan ƙarfen nan mai yin ƙaramin rami, kuma ma'aunin laima na cikin akwatin ajiya na yana nuna 76. Dan Allah jabu aka haɗa ni da ita ko wani abu aka zuba a ciki? Nagode.

Daga wani makarancinmu, Legas

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Kwantar da hankalinka, da wuya ace cutarka akayi, kuma ba wanda ya zuba komai. Abinda ka gani kwalta ce, ta taba, kuma tana cikin hayaƙin kowace siga a duniya tun daga mai araha har wadda ake ajiyewa shugabanni. Bambancin kawai shine yawanci bata taruwa waje ɗaya har ido ya ganta, kai kuma ka haɗa mata duk abinda take buƙata ta taru.

Ka tuna kicin ɗin gida na da, wanda ake girki da itace. Ka ɗaga kai ka kalli rufin, wannan baƙar kunkunniyar mai maiƙo daga ina tazo? Hayaƙi ne ya tashi da zafi ya tarar da waje mai sanyi ya manne. Kuma duk macen da ta taɓa hura ɗanyen itace zata gaya maka yafi busasshe hayaƙi da baƙi nesa ba kusa ba. Toh haka siga take. Wuta na ci a can gaba, hayaƙi yana ratsowa ta cikin ganye yana hucewa a hanya, maiƙon ganyen da tururin ruwa da kwaltar suna sauka a kan ganyen baya, kana ci gaba da sha wuta na matsowa tana sake narkar dasu tana turo su wajen bakinka. Shi yasa baka ganin komai a farko sai ka kai rabi.

Yanzu ga inda nake zargi na farko, wannan ɗan ƙarfen hudawar naka. Ramin da yake yi ƙarami ne, kaga duk hayaƙin siga mai kauri kamar babban yatsa dole ya matse ya bi ta ƴar ƙofa ɗaya, duk dattin kuma a bakin ƙofar zai tsaya, ga yawun bakinka yana jiƙa wajen yana ƙara toshe shi. Ni dai a gani na mai hudawa bai dace da siga mai ƙarfi ba sam, duk da nasan akwai masu sonta saboda bata barin ɓurɓushin ganye a baki. Ka nemi abin yanka mai reza biyu wanda ke datse kan a miƙe, ka cire ɗan kaɗan daga hular, wato ganyen da ya rufe kan da kake sa wa baki, kamar milimita 2 zuwa 3, kar ka wuce kafaɗar inda ta fara lanƙwasa in ba haka ba ganyen waje zai warware maka a hannu. Da wannan kaɗai mutane da yawa matsalar ke ƙarewa.

Na biyu shine 76 ɗin nan. Yayi yawa Alhaji. Abinda masu harkar suka saba dashi shine laima tsakanin 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafi kuma wajen digiri 18 zuwa 21. Kai kuma kana Legas inda da damina iskar gari kanta tana haura 80, wato duk buɗe akwatin da kayi ƙara mata ruwa kake. Jiƙaƙƙen ganye yana kumbura, hanyar iska ta matse, wuta ta ƙi ci sosai tana mutuwa kana sake kunnawa, kai kuma ka dinga ja da ƙarfi kamar mai shan fura mai kauri da tsinke, toh nan ne kwalta ke samun yadda takeso. Ka cire abin jiƙawar da ke cikin akwatin ka sa ƴan fakitin nan masu daidaita laima, na Boveda sune aka fi sani, akwai mai lamba 65 akwai 69 akwai 72, kai ɗauki 65. Ka ba sigar sati biyu ko uku laimarta ta sauko a hankali. Wadda kuma kake niyyar sha, fito da ita tun jiya ka sa a busasshen akwatin katako babu komai a ciki, in ɗakin da AC yafi. Kuma ma'aunin nan in irin mai allura ne da ke zuwa manne da akwati kar ka yarda dashi ɗari bisa ɗari, suna yawan ƙarya, na batir yafi.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani game da zafi da laima in sun haɗu, akwai ɗan ƙwaron taba da ƙwansa kan ƙyanƙyashe a irin wannan yanayin, sai dai ka buɗe akwati ka tarar da ƙananan ramuka kamar an soka allura. Wannan asarar tafi ta kwalta ciwo.

Sai saurin sha. Baka faɗa ba amma tunda da alama sabon shiga ne kai, kuma in ka taɓa shan sigari, na tabbata hannunka bai iya haƙuri ba. Siga ba'a mata haka. Zuƙa ɗaya a minti ɗaya, ko kusa da haka, ka ajiye ta ta huta. Babba tana iya cin awa guda ko fiye, in baka da wannan lokacin kar ma ka kunna. Kuma ka daina riƙe ta da haƙori kana tauna kan kamar yadda ake gani a hotuna, jiƙewa take.

Ita kanta sigar tana da nata hannun a ciki, ba zan wanke ta tas ba. Ganyen taba hawa hawa ne a jikin shuka, na ƙasa sunansa volado shi ke taimakon cin wuta, na tsakiya seco, na can sama kuma ligero wanda yafi shan rana, shi yafi kauri da maiƙo da nikotin kuma baya saurin ci. Ƴan Nikaraguwa, musamman na yankin Esteli, an sansu da ƙarfi saboda suna cika wannan ligero ɗin, don haka sunfi saurin yin danƙo akan masu sauƙi irin wasu na Jamhuriyar Dominika. Sannan tunda hannu ke naɗawa, wani lokacin mai naɗin kan cusa ganye yayi yawa ko ya murɗe a ciki, ko a akwati mafi tsada zaka iya samun ɗaya ko biyu haka. Kafin ka kunna ka ja iska ta ciki tukuna, in kaji kamar an toshe toh ka san akwai aiki. Amma uku cikin biyar, gaskiya wannan yafi kama da ajiya da huda.

Maganar jabu kuma, masu yin ta sunfi bin sunayen Kyuba ne saboda can kuɗin yake, musamman Cohiba, wadda aka fara yi a 1966 domin jagoran ƙasar na lokacin Fidel Castro kafin a fito da ita kasuwa a 1982. In ka ga Cohiba a akwati mai murfin gilashi ana maka araha, wuce kawai. Na Nikaraguwa basu cika shan wannan ba.

In abin ya sake faruwa kana tsakiyar sha, kar ka lasa kar ka ci gaba. Goge da tishu, ka datse kamar rabin santimita daga kan da abin yanka, sannan ka busa iska a hankali ta ciki zuwa waje na ƴan daƙiƙu domin tsohon hayaƙin ya fita. In ɗacin ya dawo bayan haka ka haƙura da ita, kuɗin sun riga sun tafi.

Ba zan rufe ba sai na faɗa maka wani abu, don nasan ana yawan cewa ai siga ba'a haɗiye hayaƙinta saboda haka bata da illa. Wannan baƙin abun da ya baka tsoro da ka ganshi, ranar da baka ganshi ba ma yana nan, a bakinka da maƙogwaronka yake sauka a baje. Hayaƙin siga nikotin ɗinsa ta fatar cikin baki yake shiga jini ba sai ya kai huhu ba, kuma babba guda ɗaya tana iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari guda. Likitoci sun tabbatar da alaƙarta da kansar baki da ta maƙogwaro da ta hanyar abinci. Duk gyaran da na lissafa maka ɗanɗano yake gyarawa, baya cire wannan. Hukuncinta a addini kuma ka san malaman da zaka tambaya, ba fagena bane. In kaga wani gyambo ko farin tabo a baki ya wuce sati biyu bai warke ba, je wajen likitan haƙori ya duba.

Sannan in zaka zo gida Arewa da hunturu ka taho da ita, lissafin juyewa yake, a Kano laima kan faɗi ƙasa da 20 a lokacin, kwana ɗaya a waje ganyen zai bushe ya tsage, can fakiti mai 69 ko 72 zaka nema ka kulle a leda mai zif. Ka gwada yankan da 65 ɗin tukuna, bayan sati uku ka sake rubuto mana muji.