Ina gane tazarar sauti ɗaya-ɗaya, amma muryoyi huɗu na rikita ni

Ƙanena, ka ce kana karatun kiɗa a Jami'ar Ghana da ke Legon, kuma da malami ya buga muryoyi huɗu (layukan sauti huɗu a lokaci guda) a fiyano don ka rubuta abin da ka ji, sai komai ya cakuɗe maka. Kunnenka lafiya lau, muryar sama kawai yake bi.

Bugun farko kada ka rubuta komai, nemo "do", wato sautin tushe na waƙar, ka riƙe. Na biyu bi muryar ƙasa kaɗai, ka rubuta ta da solfa (sunayen sautuka irin su do, re, mi, fa), na uku ka ɗora ta sama. Muryoyin tsakiya sai daga baya, ƙa'idar haɗin sauti za ta nuna maka yawancinsu. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne bambanta haɗin sautuka biyu da ake kira IV da ii6: dukansu "fa" ne a ƙasa, amma IV na ɗauke da "do", ii6 kuma "re". Rera fa-la-do, rera fa-la-re, har bambancin ya zauna.

Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Rera kafin ka taɓa fiyano. Manhajar waya na taimakawa, sai dai gyara inda muryarka ta kauce aikin malaminka ne. In kunne na yi maka ƙara bayan atisayen ganguna, je asibitin Korle Bu da ke Accra likitan kunne ya duba ka.