Yaya zan rage cin abinci ba tare da yunwa ta wahalar da ni ba?

'Yar'uwa daga Bauchi, kin ce kin daina karin kumallo amma ƙiba ta ƙi sauka. Wani lokaci abin da aka tsallake da safe, da daddare ake ramawa.

Ki fara da daina ci a tire ɗaya da yara, domin a nan ba ki san iya abin da kika ci ba. Ki zuba naki a ƙaramin faranti: rabi ganye, kamar zogale, alayyafo ko kabeji, sai tuwo ko shinkafa daidai dunƙulen hannunki, nama ko kifi kuma faɗin tafin hannu, ban da yatsu.

Inda aka fi faɗawa shi ne mai. Cokalin cin abinci 1 na manja ko man gyaɗa kusan kalori 120 ne (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, rararsa ke zama ƙiba), ga shi mu da kwarara shi kai tsaye daga galan. Ki riƙa aunawa da cokali. Masa ma, duk daɗinta, mai take sha a tanda, don haka 2 ko 3 da miyar taushe sun isa, ba sukari.

Ki jira minti 20 kafin ki ƙara. Rage rabin kilo a mako ya wadatar. In kina shan maganin ciwon suga, ki fara tuntuɓar likita, kada suganki ya faɗi.