Me Ya Sa Aka Tsallake Mai Kaye 14 Aka Ɗauki Mai 6?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata uku ke nan ina kallon ƙwallon ƙafa irin na Amurkawa, wato gasar NFL, har na soma gane kanta. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne zaɓen sabbin 'yan wasa da ake yi duk watan Afrilu, musamman ƙartin nan na sahun gaba masu farautar kwatabak. Na karanta cewa kafin zaɓen 2022 Aidan Hutchinson ya gama shekararsa ta ƙarshe a jami'a da kaye 14, Travon Walker kuma 6 kacal, amma Walker aka ɗauka na ɗaya. Da wane mudu ake auna su? Ga wani zaɓen yana tafe, ina so in iya kallo da idona, ba sai abin da aka gaya mini ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gardamar Walker da Hutchinson har yau ba ta kwanta ba, kuma na ji daɗi da ka ɗauko ta, don kusan duk abin da ake dubawa a jikin ɗan sahun gaba yana cikinta.

Saboda waɗanda ba su saba da wasan ba, bari in ɗan share fage. Duk lokacin da za a tayar da ƙwallo, sahu biyu ne ke tsugunnawa suna kallon juna, tsakaninsu bai wuce tsawon ƙwallon ba. Masu ƙwallo suna da ƙarti biyar da ke gadin kwatabak, wato mai jifa. Masu tsaro kuma su jera mutum huɗu, wani lokaci uku, aikinsu su fasa wannan katanga. In suka cim ma kwatabak suka kai shi ƙasa ƙwallo na hannunsa, Amurkawa su ce an yi sak, mu kuwa kaye ya fi mana daɗin baki. Lokacin da suke da shi bai wuce sakan 3 ba, sau da yawa ma bai kai ba, kafin ƙwallo ta bar hannunsa. Wanda ya kalli wasan ƙarshe na gasar, wato Super Bowl, a Fabrairun 2025 ya ga amfaninsu: Philadelphia Eagles ta kayar da Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City Chiefs, sau 6 da mutum huɗun nan kawai, sauran bakwai suna baya sun toshe hanyoyin jifa, aka tashi 40 da 22. Shi ya sa ƙungiyoyi ke neman irin waɗannan samari ruwa a jallo.

To, kafin ka kwatanta mutum biyu, fara tambayar wane aiki aka ba kowannensu. Sahun gaba sana'a biyu ce a inuwa ɗaya. Akwai 'yan gefe, dogaye masu zafin nama, da ke zagayo katanga ta waje. Akwai 'yan tsakiya, masu nauyi, da ake ɗora wa mutum biyu a lokaci guda. Jordan Davis, abokin wasan Walker a Jami'ar Jojiya, kaye 2 ya yi a 2021, amma Eagles ta ɗauke shi na 13, don mutum ne mai kilo kusan 155 da in ya kafa ƙafa a tsakiya sai dai mai gudu da ƙwallo ya nemi wata hanya. Wanda ya auna Davis da yawan kaye ya auna hatsi da yadi.

Walker ma wani abu makamancin haka ya same shi. A tsarin koci Kirby Smart, sau da yawa ta ciki ake tsayar da shi, daidai kafaɗar mai gadin gefe, wato wanda ke ƙarshen katangar masu gadin kwatabak, an ce masa ya riƙe mutuminsa ya cushe hanya domin masu tsaron da ke bayansa, irin su Nakobe Dean, su sami sararin kutsawa. Wani lokaci har baya ake janye shi ya tare jifa. Ga shi kuma gwanaye sun yi wa ƙungiyar yawa, ana ta karɓa-karɓa, kowa ya ɗan taɓa ya fito. Ita ce ta ci kofin jami'o'in ƙasar a Janairun 2022 bayan ta doke Alabama, kuma masu tsaronta biyar aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen wannan shekara. Babbar hujjar masu goyon bayan Walker ita ce Jermaine Johnson: yana Jojiya ba ya samun isasshen lokaci a fili, da ya koma Florida State a 2021 sai ga shi da kaye sama da 11. Suka ce, kun gani, tsarin ne ke danne lissafi, ku saki Walker ku ga aiki.

Hutchinson kuwa an sake shi tun a Jami'ar Mishigan. Aikinsa guda, ya tsaya a gefe ya nemo kwatabak. Ranar da ta ɗaga shi ita ce wasansu da Ohio State a Nuwamban 2021, ana zuba dusar ƙanƙara a garin Ann Arbor, ya kayar da kwatabak ɗinsu C.J. Stroud sau 3, Mishigan ta ci 42 da 27, nasararta ta farko a kan abokiyar gabarta tun 2011. Kaye 14 ɗin nan ya zama tarihi a jami'ar, har ya zo na biyu a ƙuri'ar Heisman, kambun gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, wanda masu tsaro ba su cika kusantarsa ba. Sai dai mai adalci zai tuna cewa a ɗaya gefen akwai David Ojabo, haifaffen Najeriya da ya tashi a Aberdeen ta Sikotilan, shi ma da kaye 11, saboda haka abokan hamayya ba su da damar tara wa Hutchinson mutane yadda suke so. Kuma da Mishigan ta gamu da Jojiya a ranar ƙarshe ta 2021, ta sha kashi 34 da 11, shi kuma ya tashi ba kaye ko ɗaya.

Daga nan sai awo. Duk ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris ana tara samarin a birnin Indiyanapolis, a auna tsayi da nauyi da tsawon hannu, a sa su gudu da tsalle. A nan Walker ya tayar da ƙura. Yana da kilo 123 amma ya cinye yadi 40 cikin sakan 4.51, gudun da wasu masu karɓar jifa, da ya fi su da kilo 30, ba su kai ba. Hutchinson mai kilo 118 ya yi 4.74. 'Yan jarida suka yi ta yayata wannan, ni kuwa shi ne awon da na fi raina wa. Yaushe ɗan sahun gaba zai yi gudun yadi 40 a miƙe? Kwatabak yadi 7 ko 8 yake ja da baya. Abin dubawa yadi 10 na farko, kuma a nan kusan kunnen doki suka yi.

Tsawon hannu ne ya raba su da gaske. Na Walker inci 35 da rabi, na Hutchinson 32 da 'yar ɗoriya. Kada ka raina inci 3. Da an tayar da ƙwallo, kowa ƙirjin ɗan'uwansa yake nema, wanda tafinsa ya riga sauka shi ke juya ɗayan. Duk wanda ya taɓa zama bakin filin kokawa ya san haka: mai dogon hannu yakan riƙe ka a nesa, kana ta kai cafka kana kamo iska. Masu gadin gefe a NFL yawancinsu hannunsu ya kai inci 33 zuwa sama, don haka aka yi fargabar za su riƙa cafke Hutchinson kafin ya taɓa su. Shi kuma Trent Baalke, wanda ke da wuƙa da nama wajen zaɓe a lokacin a Jacksonville Jaguars, ƙungiyar da ta ɗauki Walker, an daɗe da sanin sa da son masu dogon hannu, shi ne ya ɗauki Aldon Smith na 7 a 2011 lokacin yana San Francisco.

Amma akwai awon da ba a cika yi masa talla ba, wanda ni na fi ba shi nauyi. Ana kafa alamomi uku a ƙasa, tsakanin kowace biyu yadi 5, su yi kusurwa, mutum ya riƙa zagaye su a guje. Abin da ake gwadawa shi ne shan kwana. Ka lura da ɗan gefe in ya zo daidai kafaɗar mai gadi: ba ya iya wucewa a miƙe, sai ya sunkuyar da kafaɗarsa ƙarƙashin hannun mutumin, jikinsa ya karkata kamar ɗan acaɓa da ya sha kwana bai rage wuta ba, idon sawu ya lanƙwashe, ƙafa tana ci gaba da tura ƙasa. Mai taurin ƙugu a nan ake tura shi ya wuce ta bayan kwatabak, ya zagayo bayan an gama biki. Hutchinson ya yi wannan gwaji cikin sakan 6.73, Walker 6.89. Duka biyun sun yi kyau ƙwarai, amma ka ga wanda ake ce wa ba shi da baiwar jiki shi ya fi.

Tarihi yana da labarin da zai goyi bayan kowa, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Danielle Hunter kaye 4 da rabi ya yi a duk zamansa a jami'ar LSU (akan raba kaye biyu in mutum biyu suka yi shi tare), Minnesota Vikings ta ɗauke shi saboda ƙirar jikinsa a 2015, yana shekara 25 ya cika kaye 50, babu wanda ya taɓa kai wannan adadi da ƙuruciya irin tasa. Vernon Gholston kuma ya haɗa duka biyu, kaye 14 a Ohio State a 2007 da awo mai ban tsoro, New York Jets ta ɗauke shi na 6 a 2008, ya yi shekara uku bai kayar da kowa ba. Aaron Donald aka ce gajere ne, har mutum 12 aka ɗauka kafin shi a 2014, sai ga shi ya ci kambun gwarzon mai tsaro na shekara sau 3. Abin da mutane ke mantawa game da Hunter shi ne a zagaye na uku aka ɗauke shi, na 88. Cinikin biri a sama da kuɗi kaɗan ake yin sa.

Nan ne na rabu da Jaguars. Ban ce sun yi hauka ba, amma da ni ke riƙe da zaɓi na ɗaya, Hutchinson zan ɗauka, kuma dalilina yana cikin faifan wasanninsu. Hutchinson yana zuwa da shiri: ya kaɗe hannun mai gadi ya bi ta waje sau biyu, a na uku ya nuna waje ya faɗa ciki, in ya ga mutumin ya soma ja da baya da wuri sai ya sa masa ƙarfi a ƙirji ya tura shi har kan kwatabak. Walker, ko a lokutan da aka sake shi ya yi farauta, dabararsa kusan ɗaya ce, ya miƙa dogon hannun nan ya tura. In ta ƙi ci, sai ka gan shi manne da mutum har a busa usur. Ana iya koyar da dabarun hannu, gaskiya ne, amma koyon yana cin shekaru, kwantiragin sabon ɗan wasa kuma shekara 4 ne, da damar ƙarin ta biyar ga 'yan zagayen farko.

Haka kuwa aka yi. A shekarar farko Hutchinson ya yi wa Detroit Lions, wadda ta ɗauke shi bayan an ɗauki Walker, kaye 9 da rabi, har da cafke jifa sau 3, Walker 3 da rabi. A 2023 Hutchinson 11 da rabi, Walker 10. A 2024 Walker ya yi 10 da rabi, Hutchinson kuma yana da 7 da rabi cikin wasa 5 kacal sai ƙafarsa ta karye a wasansu da Dallas. Walker ya zama ɗan wasan kirki, mai wuyar ture wa in ana gudu da ƙwallo, ba a yi asara ba. Sai dai Hutchinson ne wanda koci ke kwana yana tunanin yadda zai tare.

Ga zaɓen da ke tafe, nemi cikakken wasa a YouTube, ka rabu da gajerun faifan da aka tsinto wuraren da yaro ya burge kawai. Zaɓi wasan da ya yi da jami'a mai ƙarfi. Cire idonka daga ƙwallo, ka sa shi a kan mutum ɗaya. Dubi ko yana tashi tare da ƙwallo ko sai ta tafi, dubi abin da yake yi in dabarar farko ta ƙi, ka kuma ƙirga sau nawa ya sa kwatabak ya yi jifa a gigice ko da bai kai shi ƙasa ba, don kaye yakan zo da sa'a, wani ya koro wani ya kama. Sannan ka lura ko kocinsa yana barin sa a fili a yunƙuri na uku cikin huɗun da masu ƙwallo ke da su don cin yadi 10, in da sauran yadi masu yawa, lokacin da kowa ya san jifa za a yi. Wannan ne ya sa aka yi ta jayayya a kan Jordan Davis, don a irin wannan lokaci Jojiya takan fitar da shi.

In kuma ka ga wanda ka yaba yana ta zamewa ranar zaɓe ba wanda ya kira sunansa, yawanci maganar lafiya ce, likitocin ƙungiyoyi suna bincikar gwiwa da kafaɗa da duk tsohon rauni. Ojabo da na ambata ana sa ran a zagayen farko zai tafi, sai jijiyar agararsa ta tsinke yana atisaye gaban wakilan ƙungiyoyi a Mishigan cikin Maris 2022, saura makonni a yi zaɓe. Sai a zagaye na biyu Baltimore Ravens ta ɗauke shi, na 45.