Tambayi Likita: Shin tsamin nono yana kashe ƙwayoyin cuta?

Tambaya daga wata uwa a Zariya: Likita, kakata tana cewa in nono ya yi tsami babu cutar da za ta rayu a cikinsa. Haka ne?

Hajiya, tsami yana rage wasu ƙwayoyin, amma ba ya gamawa da su. Biyu ne suka fi damuna: ta tarin fukan shanu, da ta bakkale, ciwon nan da ke sa saniya ɓari. In bakkale ta kama mutum, zazzaɓi ne mai tafiya ya dawo, ga gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya babu sauƙi. Zafin wuta ne kawai ke kashe su. Ki tambayi mai nonon ko ta tafasa madarar kafin ta kwantar da ita. Masu kindirmo da yawa suna yi. Ki kuma duba ruwan da ake sirkawa da ludayin, gudawa takan biyo ta nan.

Tambaya daga mai ƙaramar masana'antar yogot a Kano: Yaya zan tabbatar dumamar da nake wa madara ta isa?

Malam, ido da harshe ba su isa shaida ba, ka sayi ma'aunin zafi. Ƙa'idar ita ce digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Daga nan ka kai samfuri ɗakin gwaji a yi gwajin fosfatas. Sinadari ne da ke cikin ɗanyar madara, wanda zafin da ya kai ƙa'ida ke lalata shi. In an same shi, ko dai zafin bai kai ba, ko ɗanyar madara ta cuɗu da dafaffiya. A ƙirga maka ƙwayoyin kolifom ma, irin na hanji: ganinsu bayan dumama yana nuna hannun ma'aikaci, ruwa ko robar zubawa ba su da tsabta. Wannan ne na fi so ka kula da shi, domin yara ne manyan masu shan kayanka. Ko da lambar NAFDAC a jikin robarka, gwajin ya zama kai a kai.

Tambaya daga Maraɗi: Ɗana wata 7, zan iya ba shi tafasasshiyar madarar shanu maimakon nonona?

A'a, Malama. Ki ci gaba da shayar da shi tare da abinci mai laushi. Madarar shanu ba ta da isasshen sinadarin ƙarfe, sai ya cika shekara 1 za ta zama abin shansa.